Yadda Michiyo Ta Hau Ƙullin Taliya

Ni nake kai wa shagon taliyar gidan Manabe busasshen kifin romo tun ina amarya, kuma ni da Michiyo, matar gidan, benci ɗaya muka zauna a firamare, saboda haka in na ce na san ta ba cika baki nake yi ba. 'Yar gajeriya ce mai faɗin tafin ƙafa, mai ladabi har ya yi yawa. Ko a waya take magana sai ka ga tana rusunawa, kamar wanda ke can ɗaya ɓangaren yana ganinta. Ni kuwa, Fusako, duk kasuwa an san bakina, wanda ya taɓa ni sai ya ji a jikinsa. Mutane suna mamakin abin da ya haɗa mu, ni ma ban taɓa zama na bincika ba.

A nan yankinmu na Kagawa kowa ya san daɗin udon, taliyarmu mai kauri, a ƙafa yake. Hannu yana murzawa, wuƙa tana yankawa, amma wanda ya taka ƙullin shi ne mai taliya. A kusurwar shagonsu akwai wani ɗan dandamali na katako da gora a gicciye don dafawa. Nan Michiyo take kwaɓa fulawa da ruwan gishiri, ta naɗe ta cikin leda mai kauri, ta sa farar safa, ta hau. Da dunduniya take bi daga tsakiya zuwa gefe tana juyawa, ta sauka ta ninke, ta sake hawa. Ba ta duba agogo, tafin ƙafarta ne ke gaya mata ƙullin ya yi. Mijinta ne mai yanka, da ya rasu ɗansu Noboru ya karɓi wuƙar, amma dandamalin nan ba wanda ya taɓa hawa sai ita.

Wata shekara da kaka aka yi guguwa ta ɗage musu wani ɓangare na rufi. Da safe Noboru ya tafi sayo lawashi, ita kuma ba ta son ta dame shi, sai ta jingina tsani ta hau da kanta. Tsanin ya zame, ta faɗo da baya a kan dutsen bakin ƙofa. Ni na fara isa wurin, kuma abin da ta fara ce mini shi ne in yi haƙuri ta katse mini ciniki. Daga cibiya zuwa ƙasa komai ya mutu, likitoci suka ce lakar bayanta ce ta samu rauni.

Shekara biyu da wani abu ta yi a keken guragu a bakin ƙofar shago, tana yi wa masu shiga maraba, tana yi wa masu fita godiya. Noboru ya hau dandamali. Yaro ne mai ƙoƙari amma ƙato ne, ga gaggawa, yana taka ƙulli kamar mai kashe wuta. Taliyar tana ciyuwa, ba wanda ya yi ƙorafi, sai dai tsofaffin da suka saba shanye romo har ƙasan kwano sun fara barin saura. Ita tana gani, ni ma ina gani. Daga baya gwiwarsa ta fara kumbura, ya zo da maganar injin matse ƙulli irin wanda manyan shaguna suke sawa. Shagon ƙarami ne, ba inda injin zai zauna sai an cire dandamalin.

A daidai lokacin ne likitan da take zuwa wurinsa ya ba ta labarin wani bincike da ake yi a asibitin wata jami'a a ƙetaren teku. Za a sa mata abu biyu. Ɗaya a ƙarƙashin ƙoƙon kai, ya riƙa sauraron abin da ƙwaƙwalwa take nufi. Ɗaya a gadon baya, ƙasa da inda lakar ta lalace, ya riƙa tsikarar ta da ɗan lantarki har tsokar ƙafa ta motsa. Tsakaninsu kuma wata 'yar kwamfuta da ake goyawa, ita ce mai kai saƙo. Likitan ya ce mata gada ce ta karye, za a gwada jirgin fito. Mu da muka girma kafin a yi babbar gadar da ta haɗa tsibirinmu da ƙetare ba mu buƙaci ƙarin bayani ba. Ya kuma faɗa mata gaskiya, cewa gwaji ne, ba a yi wa kowa alkawari.

Noboru ya ce sam, ba za a fasa kan uwarsa tana da shekara sittin da ɗoriya ba. Ina wurin, ina jiran ta ce to kamar yadda ta saba.

"Kaina ne ko naka?" in ji ta.

"Mama, in wani abu ya same ki fa?"

"Ai ya riga ya same ni. Ka bar mini dandamalina zuwa sabuwar shekara. In ban hau ba, da kaina zan ce ka cire."

Ban taɓa jin ta yi wa wani magana haka ba, har sai da na leƙa fuskarta in tabbatar ita ce. Noboru ya yarda ba don ya so ba. Shi dole ya tsaya a shago, saboda haka na bar wa 'yata rumfar kifi na bi ta.

Aka yi aikin a farkon bazara, aka aske mata gefen kai, ta koma sa hular saƙa. Wadda aka haɗa mu da ita wata injiniya ce mai suna Tadokoro, mace mai sanyin murya da ba ta wuce sa'ar Noboru ba, ita ke kula da na'urorin. Na bayan ya fara aiki ba wahala. Ranar farko da Tadokoro ta danna wani abu a allonta, sai ga ƙafar Michiyo ta dama ta ɗaga daga kan gado, gwiwa ta lanƙwashe, ta koma. Michiyo ta bi ƙafar da kallo kamar baƙuwa. Ni ce na yi kuka, ba na ɓoyewa, na yi shi har da majina. Ita kuwa cewa ta yi wannan ai Tadokoro ce ta ɗaga, ba ita ba, yaushe za a zo nata.

Nata shi ne mai wuya. Sai an koya wa na'urar kai ta gane yadda ƙwaƙwalwar Michiyo take yi idan tana nufin motsa ƙafa, domin kowa da irin tasa. Kullum da safe Tadokoro takan zauna a gabanta, ta kira ta da sunan gidansu cikin girmamawa ta ce, "Manabe-san, a taimaka a ɗaga ta dama a zuci." Michiyo ta yi ƙoƙari a ranta, na'ura ta ɗauki abin da ta ji ta ajiye. Sai a koma ta hagu. Haka aka yi ta yi har zafi ya wuce, ni ina gefe ina ɓare mata lemo ina hamma. Da Tadokoro ta ga abin da aka tara ya isa, aka haɗa na kai da na baya, aka rataye Michiyo da ɗamara daga rufi tsakanin ƙarafa biyu na dafawa.

Da farko abin kamar wasa. Tadokoro ta ce a ɗaga, ƙafa ta ɗaga, muka yi ta murna. Amma da aka ce to yanzu ta yi da kanta, ba mai ce mata komai, sai ƙafa ta yi kunnen uwar shegu. Michiyo ta yi ta yunƙuri har gumi ya jiƙa mata hula, ko yatsa bai motsa ba. Aka canza wannan, aka gyara wancan, aka sake aunawa, shiru. Ganyen itatuwan asibiti ya fara ja. Ba ta taɓa ambaton dandamali ba, amma duk ranar da Noboru ya bugo waya sai ta tambaye shi gwiwarsa, ni kuma na san abin da take tambaya.

Rannan tana rataye, na'ura tana aiki, sai babban likita ya shigo da wasu baƙi yana nuna musu ɗakin. Dattijo ne mai furfura, kowa yana jin nauyinsa. Ya matso ya gaishe ta, ita kuma ta rusuna masa. Sai ƙafar dama ta tashi ta same shi a ƙwauri. Kunya ta kama ta, ta rusuna tana ba shi haƙuri, ƙafa ta sake kai masa. Ya ja da baya, ta ƙara rusunawa, wannan karon iska ta shura. Baƙi suka daskare, ni kuwa dariya ta ci ƙarfina har sai da na riƙe ƙarfe. Na ce mata, "Ke tsohuwa, shekara sittin kina tara mugunta, ashe likita kike jira."

Tadokoro ba ta yi dariya ba. Ta kashe na'urar, ta koma kan kwamfuta ta buɗe hotunan bidiyon da ake ɗauka tun ranar farko, ta kira mu mu gani. Ga ta nan a zaune tana cewa a taimaka a ɗaga ta dama, tana ɗan sunkuyar da kai kamar yadda kowa yake yi in zai roƙi babba. Ga Michiyo tana mayar mata da rusunawa kafin ta fara ƙoƙari. Aka duba na wata rana, haka. Aka duba na wani mako, haka. Mutum nawa ne suka kalli hotunan nan a asibitin, ba wanda ya lura, ni ma da nake zaune a ɗakin ban lura ba, domin wa yake lura da rusunawa? Tadokoro ta bayyana mana cewa rusunawa daga ƙugu take farawa, kuma a ƙwaƙwalwa wurin ƙugu maƙwabcin wurin ƙafa ne. Ƙoƙarin ɗaga ƙafa muryarsa ta disashe saboda daɗewa ba a yi ba, rusunawa kuwa ƙara gare ta. Na'ura ta kama mai ƙarar ta ɗauka shi ne saƙon. Duk abin da aka tara tun bazara sai an share a sake daga farko.

Tadokoro ta ce laifinta ne, ta duƙa har ƙasa tana ba da haƙuri. Michiyo ta ce a'a nata ne. Na ce su biyun su raba laifin gida biyu kowa ta ɗauki nata, a koma aiki, sanyi ya kusa.

Aka cire mutum daga gabanta, aka sa allo mai fitila, in ta kama sai ta yi ƙoƙari. Michiyo ta rusuna wa fitila. Sabo turken wawa, matar da take yi wa injin sayar da shayi godiya in ya miƙo mata gwangwani. Aka ce ta riƙe wuyanta, ta riƙe, amma Tadokoro ta nuna mana a allo cewa ko wuya bai motsa ba rusunawar tana nan a ciki, ga kuma hayaniyar ƙoƙarin danne ta. Na'ura ba a yi mata ƙarya, abin da ke cikin kai take ji.

Da yamma muna cin shinkafa a ɗakinta ta ajiye tsinken cin abinci ta dube ni.

"Fusa, koya mini rashin kunya."

"Au, ni ce mara kunyar?"

"To wa kuma? Duk garinmu akwai wadda ta kai ki?"

Na so in ji haushi amma gaskiya ta faɗa. Muka fara darasi. Ina tura ta a baranda, in ce kada ta gaida kowa, ta dubi gabanta kamar an ci mata bashin gaisuwa. Ma'aikaciyar jinya ta wuce ta ce barka da rana, Michiyo ta cije leɓe ta yi shiru, muna shan kwana ta roƙe ni in koma in ba yarinyar haƙuri. Ta ce ji take kamar ta fito ba riga. Ta daure ta yi ta yi, na ga wahalar a fuskarta, amma a allon Tadokoro canjin kaɗan ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya bushe tun kafin a haifi Tadokoro.

Ita da kanta ta samo hanyar. Wata safiya ina taje mata ɗan gashin da ya tsiro sai ta ce ta tuna, akwai wuri ɗaya a duniya da ba ta taɓa rusuna wa kowa ba. In tana kan ƙulli ko surukarta ce ta shigo ba ta ɗaga ido, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifinta, domin kowa ya san mai taka ƙulli ba a yi masa magana. Ta ce kuma tun da aka fara ana ce mata ta ɗaga ƙafa, ita ba ta san me za ta yi da ƙafa a sama ba. Ita dannawa ta sani.

Da muka kai wa Tadokoro maganar ta saurara har ƙarshe, idonta ya yi haske, ta ce ai danna dunduniya da mayar da nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan shi ne rabin tafiya, za a iya gina sauran a kansa. Ta je ta nemo izini, wanda bai zo da sauƙi ba, don ba a saba shigo da kwaɓaɓɓiyar fulawa ɗakin bincike ba. Noboru ya hau jirgin ƙasa na safe ranar da shago yake hutu, ya kawo ƙulli a naɗe cikin ledar shagonsu, da farar safarta. Ya durƙusa da kumburarriyar gwiwarsa ya sa mata safar da kansa.

Aka ajiye ƙullin a ƙarƙashin ƙafafunta, aka ba ta ƙarfe ta dafa. Tadokoro ta koma bayanta inda ba za ta gan ta ba, aka kashe fitila mai ba da umarni, aka ce kowa ya yi shiru. Ni ina kallon fuskarta. Murmushin bakin ƙofa ya tafi, ta haɗa gira, ta turo leɓen ƙasa, irin fuskar da na saba gani ta taga in na kawo kifi da sassafe. Ƙafafun ba su motsa ba, don ba a haɗa na baya ba tukuna, amma na ga Tadokoro ta dafe bakinta tana kallon allo. Daga baya ta ce ba ta taɓa samun saƙo mai tsabta haka daga kan Michiyo ba, dama daban, hagu daban.

Daga nan aka ci gaba, amma kada wani ya ɗauka tashi ta yi ta kama tafiya. Da ƙyar da jiɓin goshi aka samu ta tsaya da nauyinta, sannan ta danna dama, sannan hagu. Wata rana ƙafa ta ƙi, wata rana jiri ya ɗauke ta, wata rana tsoka ta ɗaure har ta yi ƙara. Sau da yawa Tadokoro ce take cewa ya isa haka, ita tana cewa a ƙara ɗaya. Ana cikin haka shekara ta zo ƙarshe, aka sallame mu hutu da kwamfutar goyo da ƙarfen dafawa, da dogon gargaɗi cewa kada ta tsaya sai da ɗamara da mutum biyu a kusa. Muna isa gida na ji a bakin maƙwabta cewa mai injin zai zo bayan bikin sabuwar shekara ya auna kusurwar. Ban ga laifin Noboru ba, yaron da ƙyar yake hawa matakala.

Ana jibi sabuwar shekara, bayan an rufe cinikin rana, ta ce a ɗaura ɗamara a jikin babban gungumen rufi. Ta sa Noboru ya kwaɓa ɗan ƙulli wanda bai fi na kwano uku ba. Muka ɗaga ta mu biyu muka ɗora a dandamali, na goya mata kwamfutar, ta kama gorar. Ta daɗe a tsaye. Sai dunduniyar dama ta nutse cikin ƙullin, a hankali, ta hagu ta biyo. Ba ta iya juyawa, mu muke juya mata ledar. Ta taka, muka ninke, ta sake takawa.

Can ta tsaya, ta yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ta dube ni ba.

"Ba na jin sa, Fusa. Ina ganin ƙafata a ciki, amma ba na jin ko ya yi."

Wannan maganar ta fi faɗuwarta daga tsani yi mini ciwo. Na'ura tana kai saƙo ƙasa, ba ta dawo da labari sama, an gaya mana tun farko, amma ji daban gani daban. Ita kuwa ta sunkuyar da ido ta ƙura wa ledar, tana kallon yadda ƙullin yake tasowa bayan ta ɗage dunduniya, ta ƙara 'yan taku, sannan ta ce a sauke ta.

Aka bar ƙullin ya huta, Noboru ya murza ya yanka ya dafa, ya zuba romo. A tsaye ya ci nasa, yana taunawa a hankali, mu muna kallon bakinsa.

"Tsakiya ta yi tauri, gefe bai taku ba," in ji shi. "Ba zan sayar da wannan ba."

Saura kaɗan in kwaɗa masa ludayi. Michiyo ta miƙa hannu aka ba ta kwano, ta ɗanɗana, ta ce gaskiyarsa, ko kare aka ba sai ya yi tunani. Noboru ya ajiye kwanonsa ya shige ɗakin ajiya ya jawo ƙofa. Katakon ba shi da kauri, muna jin sa yana waya da mai injin, yana cewa a bar maganar kusurwa, in ya zo ya auna ɗakin ajiya, za a fitar da buhunan a nema musu wani wuri. Sai da ya maimaita maganar kafin mutumin ya gane. Da ya fito idonsa ja, ya ɗauko kwanon awo ya fara zuba fulawa da gishiri.

"Gobe ki fara da gefe, Mama."

"Kai za ka koya mini?" in ji ta. "Rage gishirin nan, sanyi ake yi."

Sannan ta juyo ta ce in daina tsayuwa kamar gunki, in zo in gyara mata safar hagu, ta zame.